'Ya'yan itatuwan daji: kun tambaya, likita ya amsa

Tambaya: Likita, ina da juna biyu, an ce jinina ya yi ƙasa. 'Ya'yan kuka za su taimaka mini?

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Za su taimaka, amma ba kai tsaye ba. Farin garin nan mai tsami da ke manne da ƙwallon kuka yana da bitamin C fiye da lemun zaƙi, shi kuwa bitamin C yana sa hanji ya fi zuƙar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, daga wake da ganyaye. Ki jiƙa garin a ruwa mai tsabta, kada ki tafasa, zafi na lalata bitamin ɗin. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki wurin awo kuma kada ki fasa sha.

Tambaya: Na karanta cewa 'ya'yan daji na da antiokzidan mai hana cutar kansa, wato ciwon daji. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta. Yayin da jiki ke sarrafa abinci da iska, yakan fitar da wasu ɓurɓushi masu lahanta ƙwayoyin halitta. Antiokzidan ne ke rage musu kaifi, kuma baƙaƙen 'ya'ya irin ɗinya suna da su. Sai dai abin da aka gani a kwalbar gwaji daban, abin da ke faruwa a jikin mutum daban. Shi ya sa a 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antiokzidan a abinci, ganin 'yan kasuwa sun mayar da shi abin talla. Wani bincike a Finlan a 1994 ma ya nuna mashaya taba da aka ba ƙwayar beta-karotin, wani nau'in antiokzidan, sun fi kamuwa da kansar huhu. Ni dai shawarata, ka ci ɗan itacen, ba ƙwaya ba. Abin da ke sosa mini rai shi ne mai ƙari a jiki ya bar asibiti ya dogara da 'ya'yan daji.

Tambaya: Ina da ciwon suga, zan iya cin busasshiyar magarya da tsamiya?

Amsa: Kaɗan-kaɗan, Hajiya. In ɗan itace ya bushe, ruwa ne ya tafi, sukarin yana nan a tattare. Ki riƙa gwada sugarki bayan ci.

Tambaya: Yarana na tsinto 'ya'yan itace a jeji. In hana su?

Amsa: Ki hana su abin da babba bai sani ba, da wanda bai nuna ba. Ɗan itacen da ake kira gwanja kusa, in bai tsage da kansa ba, yana da guba mai karyar da sukarin jini. Yaron da ya soma amai da galabaita bayan ci, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.