Hukuncin fim ɗin hoto da aka gano aibinsa bayan wanki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai hoto ne, ina cikin masu aiki da fim mai lamba 120 har yanzu. Na sayi naɗi goma a wurin wani dila, na ɗauki hoton biki da huɗu. Da aka wanke sai ga lambobin takardar bayan fim ɗin sun fito a jikin hotunan. Dilan ya ce kamfani sauya fim kawai yake yi, haka aka rubuta a kwali. Kuma yana son ya karyar da ragowar kayan da araha. Wa zai ɗauki asarata?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Saɓanin malamai kan hoton kyamara sananne ne, ba shi ka tambaya ba, don haka mu tafi ga cinikin.

Abin da ka gani aibi ne da masu sana'ar suka sani. Fim ɗin 120 ana naɗe shi tare da takarda mai kare shi daga haske, a bayanta akwai lambobi. Tun da a naɗe yake, tawadar lambobin tana manne da fuskar fim na zagaye na gaba, idan takardar ko tawadar ta sami matsala sai ta bar sawu. Kamfanin Kodak Alaris ya gamu da irin wannan a wajen 2015 zuwa 2016, ya amsa cewa akwai matsalar, ya kuma sauya takardar. Kowane kwali yana ɗauke da lambar rukunin da aka yi shi a ciki, da ita ake gane kayan da abin ya shafa.

Asali, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sai dai mas'alarka ta faɗa wani lungu da malaman Malikiyya suka keɓe. Shehu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa aibin da ba a iya ganinsa sai an sauya kayan, kamar gara a cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya dominsa, domin mai saye da mai sayarwa duk jahilcinsu ɗaya a kai. Fim kuwa ya fi katako ɓuya, in ka buɗe don ka duba haske ya ƙona shi. Amma masu sharhi sun ƙara da cewa idan an yi sharaɗin mayarwa ana aiki da shi, kuma al'ada kamar sharaɗi take. To rubutun kwalin da dila yake kafa maka hujja da shi, shi ne hujjarka, domin alkawari ne na sauya abin da ya lalace daga masana'anta, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Naɗi shida da suka rage ka mayar, huɗun da ka ɗauka da su ma a sauya maka ko a ba ka kuɗinsu, shi kuma dila ya bi kamfani da lambar rukunin.

Wannan kuwa da sharaɗin aibin tsoho ne, ba a hannunka ya faru ba. Zafi da laima suna tsananta wannan matsala, kai ma ka san ranar ƙasarmu. Idan ka bar fim a mota ko ya wuce wa'adinsa a hannunka, ka ji tsoron Allah wajen da'awa.

Asarar hotunan biki ta rataya ne ga sani. Idan dila bai san komai ba lokacin ciniki, ba ya lamuncewa sama da kuɗin fim. Idan kuwa sanarwar kamfani ta iso masa ya yi shiru, ya yi algus, rubutun kwali ba zai kare shi ba. A Muwaɗɗa, Ibn Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa sharaɗin kuɓuta daga aibi, wato ba ya ɗaukar nauyin aibin da ya bayyana daga baya, mai saye ya kai ƙara cewa bawan yana da ciwo, Sayyidina Usman ya hukunta Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba. Ka ga sharaɗin kuɓuta bai rufe abin da aka sani aka ɓoye ba. A nan abin da na rinjayar shi ne a yi sulhu kan wani abu na asararka, in ya ƙi alƙali ya ƙiyasta.

Masu biki kuma, aiki suka ɗauke ka bai samu ba, ka mayar musu da ladan abin da ya lalace, sai in sun yarda da hotunan a haka da rangwame.

Karyar da ragowar kaya ya halatta idan ya faɗi aibin ɓaro-ɓaro ga kowane mai saye, ya ce lambobi na iya fitowa a hoto. Cewa "tsohon kaya ne" kawai bai wadatar ba, araha ma ba ta zama bayani. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi, ya ce wa mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Mafi sauƙi gare shi ya tattara ya mayar wa kamfani.

Allah ne mafi sani.