Amsar Kawu Kan Baftismar Jariri

Ɗana, saƙonka ya iso. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Ka ce mai ɗakinka, da yake a ECWA ta tashi, ta tambaye ka wane zunubi ɗan jinjiri ya yi har za a kai shi baftisma, kai kuma ka rasa ta cewa. Tambayarta tana kan hanya, kada ka ɗauke ta raini ga gidanmu.

Yaron bai yi sata ba, bai zagi kowa ba. Amma abin da Littafi Mai Tsarki ke kira zunubi ya wuce lissafin laifuffuka, hali ne da muka gada. Manzo Bulus ya nuna a Romawa 5:12 cewa ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo bayansa. Ka bari yaron nan ya fara tafiya. Za ka gan shi ya fizge ƙosai a hannun ɗan'uwansa, ya kai hannu baya, bakinsa duk mai, yana cewa ba shi ba ne. Wa ya koya masa? Faɗin gaskiya ne sai an zauna an koya wa yaro.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe cewa ana haifar kowane yaro a kan fiɗira, wato da tsarkinsa, babu zunubi a kansa. A nan muka bambanta, kuma ka faɗi naka da ladabi in an tambaye ka. Ko a cikin ikilisiya an daɗe ana wannan muhawara. Wani malamin Kirista na dā mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum na iya tsare kansa daga zunubi da ƙoƙarinsa, Agustin bishop na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ce sai da alherin Allah. Taron shugabannin ikilisiya a birnin Kartaj na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus.

Mu Anglika, tun kakanninmu na Wusasa, da jariri a hannu muke zuwa, kuma ni wannan ne ke taɓa zuciyata. Bai yi azumi ba, bai ba da baiko ba, ko sunansa bai sani ba, aka karɓe shi. Haka ceto yake a Afisawa 2:8, kyauta ce. In ya girma, shi da bakinsa zai amsa alkawarin da aka ɗauka dominsa, bishop ya ɗora masa hannu. Su ECWA jira suke sai mutum ya furta bangaskiyarsa kafin a nitsar da shi a ruwa. A kan lokacin yin baftismar ne muka saɓa, amma bukatar Mai Ceto dukanmu mun yarda da ita.

Sai dai ruwan baftisma ba laya ba ne. In ba za ku koya masa addu'a a gida ba, kun ɗauki alkawarin da ba ku cika ba. Kada ka sa rana kai kaɗai. Bayan ta gama wankan jego, ku je tare wurin limaminku ta yi tambayoyinta da bakinta, sannan ku zaɓi waɗanda za su tsaya masa a cikin masu zuwa sujada da gaske.

Ka gaishe min da ita.