Me ya sa sai dorina ta kashe mutum ake jin labarinta?

Tambaya: Malam, sallama. Ni manomin shinkafa ne a Saga, nan Yamai. Kusan kowace shekara dorina na shigo mana gona da dare, gari ya waye mu tarar ta yi mana ƙarƙaf. Ba mu taɓa ganin ɗan jarida ba. Amma ranar da ta kifar da kwale-kwale, ko aka harbe ta, sai ka ji kowace rediyo ta ɗauka. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Gaskiyarka, kuma mu ƴan jarida ba mu da bakin musu.

Ina sabon shiga aiki na taɓa kai wa babban edita rahoton gonakin da dorina ta cinye. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Mutum nawa suka mutu?" Na ce babu. Ya ce in ajiye. A ɗakin labarai abin da ya auku farat ɗaya, ga gawa ga adadi, shi ke samun shiga. Ɓarnar da ke cin mutum sannu a hankali, buhu biyu bana, uku baɗi, ba ta da ranar da za a ce yau ta faru.

A watan Nuwamban 2014 dorina ta kifar da kwale-kwale a wajen Libore, kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne masu tsallaka kogi zuwa lakwal. Duniya ta ji, kuma ya cancanci a ji. A 2017 kuma mutanen yankin Ayoru suka kashe dorina aƙalla 27 saboda ɓarnar gonaki da dabbobi, nan ma kafofin waje suka yi caa. Ka lura da yadda ake rabon aikin: na gida mu ƙirga gawar mutane, na waje su ƙirga mushen dorina. Manomin da ya kwana bakin gona yana kaɗa gwangwani, da fitila a hannu, sauro na cinsa, bai shiga lissafin kowa ba.

Kalmomin da muke zaɓa ma suna da laifi. Mu ce "dorina ta kai hari", "ta shigo gari", kamar wata ƴar fashi. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Dorina wuni take cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, babba kan ci ciyawa kusan kilo 40 kafin asuba. Abincinta ciyawar burgu ce ta bakin kogi. To, ina burgun yake yanzu? An yanke an kai kasuwa don tumakin kiwo, fadamar ta koma shinkafa da lambu, gidaje kuma sun gangaro har gaɓa. Idan kogin Isa ya ja baya wajen Mayu da Yuni, sai ta taru a ƴan guraben da suka rage da zurfi, inda masunta da masu fito su ma suke bi. In kuwa mai ɗa ce, ko Sorko, masuncin da ya gaji farautarta, ba ya wasa da ita. Duk wannan ba ya shiga rahoton minti ɗaya da rabi, balle bidiyon WhatsApp da ake turawa ba wuri ba kwanan wata, wani ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi.

Sai batun wanda ake miƙa wa makirufo. Lambar jami'in gandun daji tana cikin wayar ɗan jarida, taka ba ta ciki. Jami'in zai tunatar cewa dokar farauta ta 1998 ta hana kashe dorina, haka ne kuwa, amma da wuya a tambaye shi wa zai biya wanda aka cinye wa gona. Manoman Kure da raƙuman dawa ke cinye musu wake sun san wannan tambaya sarai.

Shawarata, kada ku jira mu. Ku sa ƙungiyarku ta manoma ta riƙa rubuta kowace ɓarna: rana, faɗin wurin, buhu nawa aka yi asara, da hoton sawun dabbar kafin a tattake shi. Ku kai wa ma'aikatan gandun daji a rubuce, ku riƙe kwafi. Sannan ku nemi shirye-shiryen Hausa da Zabarmanci da ake buɗe layi, ku kira da alƙaluma a hannu. Editan da ya ce in ajiye rahotona, da na kai masa jimillar asarar gonaki hamsin a takarda ɗaya, ina jin da ya ɗago kai.