JLPT na taimakawa wajen samun gurbin jami'a a Japan?

Ɗan'uwa kana tambaya ko sakamakon JLPT, wato jarrabawar gwada iya Japananci, zai sa a ɗauke ka a jami'a, kuma ka ce matakin N4 gare ka (daga N5 matakan suke farawa, N1 ne mafi girma). Gaskiya yana taimakawa amma ya danganta da kwas ɗin da kake nema.

In da Japananci ake koyar da kwas ɗin, yawanci N2 ko N1 suke so, N4 kam bai kai ba tukuna. Sannan jami'o'i da yawa a matakin digirin farko EJU, wato jarrabawar shiga jami'ar Japan ta ɗaliban ƙasashen waje, suka fi dubawa, ita wannan a watan Yuni da Nuwamba ake yin ta, kuma ban da yare akwai lissafi da kimiyya a ciki. In kuwa da Turanci ne, jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS za su tambaye ka, JLPT ɗin sai dai ya ƙara wa takardunka armashi.

Inda mutane ke faɗawa shi ne lokaci, JLPT a Yuli da Disamba ake yi, wasu ƙasashen ma sau ɗaya a shekara, sakamako kuma sai ya yi kusan wata biyu, ka ga kafin ya fito an rufe karɓar takardu. Kuma fa ba a gwada magana a ciki, mai N2 ma sai ka ga bakinsa ya mutu a intabiyu.

Ka tura wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar imel, in tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, kake nema kuma ka tuntuɓi ofishin jakadancin Japan da ke Abuja.