Baba ya warware daga shanyewar ɓarin jiki, zai iya daina shan maganin hana gudajin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 66. Wata biyar da suka wuce bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya yi nauyi. A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya, aka rubuta masa ƙaramin asfirin da clopidogrel. Alhamdu lillahi ya warware, har kasuwa yana zuwa. Ba mu koma asibiti ba, da tsohon katin muke sayo masa duka biyun a kemis. Yanzu ya ce ya gaji da shan ƙwaya, ga dasashinsa na jini in ya yi asuwaki, ga tsohuwar olsa. Yana kuma shan maganin ciwon gwiwa, yana so a yi masa ƙaho. Zai iya dainawa? Mahaifiyata ma tana so ta riƙa shan asfirin don rigakafi. Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi masa. Kada ya daina da kansa, amma kuma kada ya ci gaba da shan biyun a haka. Cikin wannan makon ki mayar da shi wurin likitan da ya gan shi, ba sai wata mai zuwa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne wata biyar ɗin nan da tsohon kati. Idan mutum ya samu ƙaramar shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya, ana haɗa masa asfirin da clopidogrel ne na ɗan lokaci, galibi kwana 21, domin a makonnin farko ne haɗarin sake bugowar ciwon ya fi yawa. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2013, shi ne ya nuna amfanin wannan haɗi na mako uku. Akwai waɗanda ake kai su kwana 90, idan hoto ya nuna wata babbar jijiya a cikin kai ta tsuke sosai. Bayan haka sai a janye ɗaya a bar ɗaya, wanda aka bari kuwa yawanci har ƙarshen rayuwa ne. Ci gaba da biyun fiye da wa'adinsu ba ya ƙara wata kariya ta a-zo-a-gani, zubar jini kawai yake ƙarawa. Mai yiwuwa ne Baba ya daɗe da wuce wa'adinsa ba tare da kun sani ba, kuma dasashin nan shi ne ke ba ku labari. Sai dai ban ga katinsa ba. Idan an taɓa sa masa ɗan bututun raga a jijiyar zuciya, wanda ake kira sitent, lissafin ya sauya gaba ɗaya: irin waɗannan sukan sha biyun wata 6 zuwa 12, kuma dainawa kafin lokaci na iya toshe bututun farat ɗaya, mutum ya faɗi. Shi ya sa wanda ya san tarihinsa ne kaɗai zai ce ga wanda za a cire.

Ga dalilin da ya sa ba a ajiye maganin don an ji sauƙi. A cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira filatilet. Aikinsu toshe ɓaraka: da zarar an yanke, sai su ruga wurin su manne da juna, jini ya tsaya. Matsalar ita ce jijiyar da hawan jini, ciwon suga, kitse ko taba suka lalata, cikinta ya yi kaushi kamar bangon da yaɓensa ya tsattsage. Filatilet sai su ɗauka rauni ne, su taru a wurin, su zama gudan da zai tare hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa ko zuciya. Asfirin da clopidogrel suna rage musu wannan danƙo, kowanne ta hanyarsa. Ƙwayar filatilet kwana 7 zuwa 10 take yi a jiki, ɓargo kuma kullum yana ƙera sababbi waɗanda magani bai taɓa ba. Ke nan mako guda bayan dainawa, kariyar ta kusa ƙarewa, jijiyar kuwa tana nan da kaushinta. Warwarewar hannu ba ta nufin jijiya ta gyaru. A ƙasar Suwidin an bibiyi mutum sama da 600,000 masu shan ƙaramin asfirin, aka wallafa sakamakon a 2017: waɗanda suka daina sun fi waɗanda suka ɗore samun bugun zuciya ko shanyewar jiki da kashi 37 cikin 100. Ki faɗa wa Baba wannan cikin ladabi, ki kuma yi masa albishir cewa mai yiwuwa ƙwayoyin nasa raguwa za su yi in ya ga likita.

Sai maganin gwiwa, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna shiga uku. Ki dubo kwalin. Idan ibuprofen ne, ko diclofenac, ko piroxicam da aka fi sani da Feldene, ko indomethacin, to a ajiye shi tun yau. Dukansu suna cin bangon ciki, asfirin ma yana ci, ga olsa tun asali, ga jinin da ba ya saurin tsayawa. Abubuwa huɗu ke nan sun haɗu a cikin dattijo ɗaya. Ibuprofen har wata ɓarna yake ƙarawa, don yana iya tare wa asfirin wurin da yake kamawa a jikin filatilet, ya rage masa aiki. Garin Alabukun ma asfirin ne mai yawa a ciki, ƙulli ɗaya ya kai kusan ƙwaya goma ta mai miligiram 75 da Baba ke sha. Haka nan haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a ce maganin gajiya ne ko na ciwon jiki, ba suna ba kwali, sau da yawa ba ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, wani lokaci har da sitiroyid, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi. Ina roƙon masu kemis su riƙa tambayar dattawa abin da suke sha kafin su ƙulla musu, tambayar ba ta cin minti guda. Don ciwon gwiwa ko ciwon kai, farasitamol ne ya fi aminci, a sha bisa ƙa'ida. In bai wadatar ba, a gaya wa likita ya nemo wata hanyar.

Mai tarihin olsa da ke shan waɗannan magunguna ya kamata a haɗa masa da maganin kare ciki. Amma akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: clopidogrel ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi, magungunan kare ciki irin su omeprazole da esomeprazole kuwa suna rage wa hanta wannan sarrafawar. Don haka ga mai shan clopidogrel an fi zaɓar pantoprazole. Ki kuma nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar cutar nan H. pylori mai haddasa olsa, wadda ta yawaita ƙwarai a ƙasarmu. In tana nan, maganin mako biyu kan kawar da ita, haɗarin zubar jini ya ragu. Asfirin kuma a sha shi bayan an ci abinci, a lokaci guda kullum. In an manta aka tuna a ranar, a sha; in har gobe ta yi, a sha na goben kawai, ba a ninkawa. Da azumi ba a fasa shi, sai a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Batun ƙaho, na san matsayinsa a wurin iyayenmu, ba kuma na raina shi. Amma tsaga fata ne, mai shan magunguna biyu na hana daskarewar jini kuwa zai iya zubar da fiye da yadda wanzami ya saba gani. A dakata tukuna. Bayan likita ya daidaita maganin, a tambaye shi, a kuma sanar da wanzamin. Haka cire haƙori ko kowace tiyata: a faɗa tun kafin ranar. Sau da yawa ana cire haƙori ba tare da an tsayar da asfirin ba, clopidogrel kuwa akan tsayar da shi kwana 5 zuwa 7 kafin babban aiki, amma wannan shawarar likitoci ce tsakaninsu, ba ta gida ba. Tafarnuwa da citta da kurkur a miya ba komai, sai dai a guji ɗirka su da yawa a matsayin magani, tare da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Ɗan jini a dasashi, ko tabon kwanciyar jini a fata bayan ƙaramar buguwa, abu ne da ake gani. A sauya zuwa buroshi mai laushi, a ambata wa likita. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, in dai ba ƙwayar ƙarin jini yake sha ba, jini ne daga ciki. Haka aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, fitsari ja, haɓon da ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, jiri da fari fat a ido da tafin hannu. Idan ya faɗi ko babur ya kayar da shi kansa ya bugu, a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, domin jini kan taru a hankali a cikin kan tsofaffi, sai bayan kwanaki a ga ruɗewa ko yawan barci.

Ba ki ambaci hawan jininsa ba, ni kuwa shi zan fara aunawa da zai zo gabana. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu, fashewar jijiya ce ba toshewa ba. Mai shan asfirin da jininsa ke sama yana kusantar wannan nau'i na biyu. Ana so awonsa ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Ku sayi na'urar awo in da hali, a rage gishiri da dunƙule.

Wannan ne ma ya kawo mu kan Mama. In ba ta taɓa samun shanyewar jiki ko ciwon zuciya ba, kada ta fara. A 2018 an wallafa binciken tsofaffi sama da 19,000 masu lafiya a Ostireliya da Amurka, aka ga asfirin na kullum bai ƙara musu tsawon rai cikin lafiya ba, zubar jini mai tsanani ya ƙara. A auna mata jini da suga, wannan ne rigakafinta. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ma ba a ba su asfirin don zazzaɓi, saboda haka a ɗaga na Baba inda jikoki ba za su kai ba.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, bakin ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, kada a ƙara masa asfirin a gida, kada a ɗura masa komai a baki. Da ido ba a bambance toshewa da fashewa, sai da hoton ƙwaƙwalwa, asfirin kuwa a kan fashewa ƙara zubar yake yi. A lura da lokacin da abin ya fara, a kwashi duk kwalayen magungunansa har da na gwiwar, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton kai tsaye.