Rubutun diragon na Skyrim hatimin aljanu ne? Ƙanena ya faɗi yana wasa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka mini da gaggawa, gidanmu ya rikice. Ni na saka ma ƙanena wasan Skyrim a kwamfutata, ni kaina na gama labarin tun bara, shi kuma yana katriyem, shekararshi 14. Kawunmu ya buɗe kayenshi na lakwal ya tarar da shafi biyu cike da rubutun nan na diragon, dodon nan mai fukafukai, da ake gani a bangon kogo cikin wasan, ga shi yaron kullum cikin ihun Fus Ro Dah yake a tsakar gida. Sai ga wani vokal na yawo a WhatsApp wai haruffan hatimi ne na kiran aljanu da ƴan Illuminati suka ɓoye cikin wasa. Abin da ya fi tada mini hankali, daren Juma'a wajen ƙarfe biyu yana wasa cikin duhu sai ya faɗo daga kujera, jikinshi ya sandare yana karkarwa, da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Yanzu kawu ya samo wani mutum da ya ce zai fidda aljanin da hayaƙi da bulala a kan jika arba'in. Malam da gaske akwai abin da aka ɓoye cikin wasan ga? Ni na jawo ma ƙanena wannan?

Daga wani ɗan'uwa, unguwar Zariya, Maradi

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ka sa a ranka yaron nan asibiti za a kai shi, yau in da hali, in babu gobe da sassafe, kuma kar a bari kowa ya ɗora mishi bulala ko ya tura mishi kai cikin hayaƙi. Sandarewa da karkarwa da mantuwa bayan an farfaɗo abu ne da likita yake dubawa, shi zai yi gwaji ya faɗi sunan ciwon. Abin da kowane mai zama gaban ekran ya kamata ya sani shi ne walƙiyar haske mai sauri tana iya tada farfaɗiya ga wanda jikinshi ke da ita, an fi ganin haka ga yara da matasa, rashin barci kuma yana ƙara tunzura ta, kai ko ka haɗa su duka a tambayarka, ƙarfe biyu na dare, ɗaki da duhu, yaro ɗan 14. A Disambar 1997 wani katun da aka nuna a talabijin a Japan mai walƙiyar ja da shuɗi ya kai yara sama da 600 asibiti cikin dare guda, shi ya sa kake ganin gargaɗi a takardun wasanni da yawa wanda duk muke wucewa ba mu karanta ba. In ya sake faɗuwa kafin ku je, a kwantar da shi ta gefe, a janye duk abin da zai buge shi, kar a cusa mishi cokali ko yatsa a baki, kar a danne shi, a duba agogo, in ya wuce minti 5 a ɗauke shi nan take. Yawunshi kuma ba ya sa ma kowa ciwo, wannan ma a gaya ma mutanen gida don kar su watse su bar shi shi kaɗai a ƙasa.

To yanzu batun rubutun. E, akwai abubuwa ɓoye cikin Skyrim, da yawa ma, kuma su suka sa wasan da ya fito tun 11 ga Nuwamban 2011 har yau ake zama kanshi. Amma kowane ɗaya an san wanda ya ɓoye shi da dalilin ɓoyewar. Haruffan da ƙanenka ya kwafa 34 ne, mai zanen kamfanin Bethesda ne ya ƙirƙire su, Adam Adamowicz, wanda ya rasu a 2012. 25 daga ciki suna tsaye ne a madadin harufan boko ɗaya bayan ɗaya, babu C a ciki, sauran 9 na sautuka ne masu haɗe kamar aa da ii da ah. Ka ƙura musu ido za ka ga kowane harafi yagi ne, wasu da ɗigo, an yi haka da gangan don ya yi kama da abin da dabba mai farce za ta iya karta a jikin dutse. Zaurance ne kawai aka yi ma ado, irin wanda muka yi muna yara don kar manya su gane zancenmu. Bangon farko da ka tsaya gabanshi a tsohuwar makabartar Bleak Falls Barrow inda ka koyi kalmar Fus, in ka fassara shi rubutun kabari ne, yana cewa nan mai gadin dutsen diragon yake kwance, wato yana gaya maka akwai draugr, gawa mai tashi ta yi faɗa, cikin akwatin gawar da ke bayanka tun kafin ya fasa murfi ya taso maka. Fus Ro Dah ɗin ma da yaron yake ihu, ma'anarshi a yaren diragon ƙarfi ne da daidaito da turi.

Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan, kusan kullum sai an kawo mini irin vokal ɗin nan a shago, yau Skyrim, gobe wani wasan, jibi tambarin wata riga. Mai maganar bai taɓa riƙe manet ɗin wasa ba, bai san sunan kamfanin ba, ya ga hoto a Facebook ya ɗora murya mai razanarwa, ya rufe da cewa duk wanda bai tura ma mutum goma ba ya ci amanar Musulunci, shi ke nan iyayenmu da ba su san abin ba hankalinsu ya tashi, kuma suna da gaskiyar tashin hankali don ɗiyansu suke ji ma tsoro. Ka tambayi mai vokal wane harafi ne ke kiran aljani, sunanshi me, a wane kogo yake, ba zai iya nuna maka ko ɗaya ba. Illuminatin da yake ta ambata ƙungiya ce da aka kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukumar wurin ta haramta ta tun kafin ta cika shekara goma. Wasan nan an sayar da shi sama da kwafi miliyan 60, harufanshi suna nan jere a intanet kowa na iya koyonsu cikin wuni guda, mutane sun tona fayilolinshi ciki da bai suna yin mod, wato yi ma wasan gyara da ƙari, shekara da shekaru, har dutsen da aka manta ba a daidaita ba sun gano, a ce duk cikinsu ba wanda ya ga hatimin sai wani da ke zaune yana danna waya? Ba na musun aljanu, ba na musun sihiri, Alƙur'ani ya ambace su. Amma jingina ma abu sihiri ba da sani ba ƙarya ce, kuma ƙaryar nan tana da kuɗi a bayanta, kai da kanka ka faɗi farashin, jika arba'in. Mutumin da ya yanke kuɗi tun bai ga yaro ba, ya ce magani bulala, wannan cin kasuwa ya zo yi da tsoronku. Na ga yaron da aka kawo mini kwamfutarshi a fashe, bayanshi duk shatar dorina, wata biyu ana yawo da shi daga wannan zaure zuwa wancan yana ta faɗuwa, sai daga baya da aka je asibiti aka ɗora shi kan ƙwayar da yake sha kullum abin ya lafa. Wata biyun nan da dukan nan wa zai biya shi? Addu'a da karatun Alƙur'ani kowa na iya yi ma ɗanshi a gida kyauta kuma ba su hana zuwa likita, duka kuwa ba ya warkar da farfaɗiya, hayaƙi ma ga mai faɗuwa haɗari ne a kan haɗari, ga garwashi kusa da wanda bai san inda kanshi yake ba.

Bari in ba ka misalin yadda jita-jita ke haihuwa daga cikin wasan kanshi. Ka san zancen nan da ƴan wasa suka daɗe suna yi cewa in ka bi yanyawa a daji za ta kai ka wurin dukiya. Mutane sun gwada sun ga kamar haka ne, har aka yarda wani sirri ne aka dasa. A 2021 ɗaya daga waɗanda suka gina wasan, Joel Burgess, ya fito ya bayyana cewa ba wanda ya rubuta haka. Ƙasar wasan an shimfiɗe ta da wasu ƙananan zane masu kusurwa ukku da ido ba ya gani, da su halittu suke gane inda za su taka. A fili fetal zanen manya ne kuma kaɗan, kusa da sansani ko kango inda akwai kaya da lungu sai su zama ƙanana birjik. Ita yanyawa in ta tsorata ba nisan mita take lissafi ba, so take ta tsallake zane kamar 100 tsakaninta da kai, wurin da ta fi saurin cika lissafin kuwa shi ne bakin kango, can kuma akwatuna suke. Abin da mutane suka gani gaskiya ne, dalilin da suka ba shi ne ba daidai ba. Haka kawunku, ya ga rubutu baƙo, ya ga yaro ya faɗi, duka biyun sun faru, igiyar da aka ɗaure su da ita ce ta ƙarya.

In ma'ana mai zurfi kake nema, wadda marubutan suka ɓoye da niyya, tana nan kuma ta fi ta mai vokal daɗi nesa ba kusa ba. Ka tuna lokacin da ka shiga ofishin jakadancin Thalmor, abokan hamayyar daula a wasan, a ɓoye, akwai wasu takardu da yawancin mutane ke kwasa su wuce ba su buɗe ba. Ta Ulfric Stormcloak, shugaban masu tawaye ma daula, tana cewa sun taɓa kama shi lokacin babban yaƙi, suka sa ya yarda cewa bayanin da ya ba su ne ya jawo faɗuwar babban birnin daula alhali birnin ya riga ya faɗi, kuma abin da suke so shi ne yaƙin basasar ya yi ta ci kar kowane ɓangare ya yi nasara. Takarda guda ta juya maka duk labarin, kai kana can kana zaɓen gefe, mai cin riba yana gefe yana hura wuta. Ni dai a ganina ba a rubuta wani abu da ya fi wannan wayo ba cikin wasan gaba ɗaya, kuma yaro mai hankali zai koyi abu a nan game da yadda ake haɗa ƴan'uwa faɗa.

Ko tsohon diragon nan Paarthurnax da ke zaune kan dutsen Throat of the World yana koya maka natsuwa, sunanshi kalmomi ukku ne, buri da mulkin danniya da ƙeta, don da can na hannun daman Alduin ne, babban mugun diragon na wasan, wanda ya iya karanta sunan ya san tarihinshi tun kafin Blades, mafarautan diragon, su zo su ce ka kashe shi, sai zaɓin ya yi maka nauyi, shin wanda ya tuba ana yafe mishi ko a'a. Ƙofar nan mai zobba ukku ta Bleak Falls Barrow kuma da mutane ke ta juyawa har su gaji, amsar tana zane a tafin farcen zinariyar da ke cikin jakarka, ka juya shi kawai ka duba. A kogon Blackreach in ka yi ma ƙaton ƙwallon hasken nan da ke rataye Fus Ro Dah wani diragon mai suna Vulthuryol zai sauko. A can ƙololuwar Throat of the World akwai diga mai suna Notched Pickaxe, gaisuwa ce ga Notch, wanda ya ƙirƙiro wasan Minecraft. Erik na ƙauyen Rorikstead kuwa an sa shi ne don tunawa da wani matashi mai son wasannin kamfanin da ciwon daji ya kashe kafin Skyrim ya fito.

Ka tambaya ko kai ka jawo. Aljani dai ba ka kawo gida ba, ka cire wannan daga ranka. Amma ƙanena ba zan ɓoye maka ba, wasan nan a Turai an yi mishi alamar shekara 18, a Amurka 17, akwai jini da sare kai da giya da tada gawa, akwai gumakan alloli na ƙage da ake zuwa gabansu neman albarka, waɗannan a fili suke ba sai an tona ba, kuma hukuncinsu sai ka kai ma malami mai ilimi wanda zai saurare ka ya ga abin da idonshi kafin ya yi magana. Barin ɗan shekara 14 da kwamfuta har ƙarfe biyu na dare ga lakwal da safe, nan ne sakacin yake, kuma nan ne za ka gyara. Ya ajiye wasa gaba ɗaya har likita ya gan shi ya faɗi abin da za a yi. In an yarda ya koma, da rana, da fitila a kunne, nesa da ekran, awa guda ya tashi.

Kawu kuma kar ka yi mishi gardama a tsaye gaban mutane, babba ne kuma tsoro ne ya kai shi ga wancan mutumin. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka buɗe mishi jadawalin harufan a waya, ka ɗauki bik ka rubuta sunanshi da su harafi bayan harafi yana kallo, sannan ka ba shi kayen yaron ya warware layi ɗaya da kanshi. Ka roƙe shi jika arba'in ɗin nan a riƙe ta don kuɗin gwaji da magani, kuma ya raka ku asibitin don ya ji bayanin daga bakin likita. Ka je da wanda ya ga faɗuwar da idonshi, don za a tambaye ku minti nawa ta ɗauka, ko ya ciji harshe, ko ya yi fitsari, da awa nawa ya yi barci a kwanakin. Allah ya ba shi lafiya, ka rubuto mini abin da likita ya ce.