Ɗana Yana da Disleksiya, Wane Tsarin Koyon Karatu Zan Kama?

Assalamu alaikum Anti,

Ina da yaro ɗan shekara 9, yana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. In surutu ne da wayo, sai ya gajiyar da ke. A Islamiyya haddarsa ta fi ta yayarsa, da kunne yake ɗauka. Amma da an miƙa masa littafi sai ya fara kame-kame, kalmar da ya karanta a layin sama ba zai gane ta a layin ƙasa ba. Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa, kakarsa ta ce a nemi taimako ko sammu ne. Daga baya wata ƙwararriya ta gwada shi ta ce disleksiya ce, wato matsalar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya.

Yanzu kaina ya ɗaure. Wata cibiya ta ce za ta gyara shi cikin wata uku, kuɗinta ya kai na makarantarsa na zango biyu. Ƙawata ta ce in sayo masa tabarau mai kala. Ga wata manhajar waya da ake ta talla, ga kuma malamin lesin da ke zuwa gida yana sa shi maimaita littafin aji. Ba mu da ƙarfin gwada su duka. Wanne zan kama?

Maman Abba, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Maman Abba,

Allah Ya raya mana Abba, Ya yi masa albarka. Ki fara ajiye maganar tabarau. Matsalar Abba tana wajen haɗa harafi da sautinsa da rarrabe sautukan da ke cikin kalma, gilashi ba ya taɓa wannan. Tun a 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar da ta nuna tabarau masu kala suna magance disleksiya. Duk da haka, in ba a taɓa duba idonsa da kunnensa ba, ki kai shi. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ta Kunne duk a Kaduna suke, ki cire wannan shakkar daga ranki.

Masu alƙawarin wata uku kuwa, alƙawarin ne ya sa ban yarda da su ba. Disleksiya ba zazzaɓi ba ce da za a sha magani a warke. Yaro yana iya ƙwarewa a karatu sosai, amma aiki ne na watanni masu yawa, sau da dama shekaru. Wanda ya san aikin ba ya yanka miki rana.

Abin da nake so ki bi shi ne yadda ake koyarwa, ko a cibiya ko a ɗakinki. Ki tuna makarantar allo: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, yaro yana faɗa da baki, yana bi da yatsa, ba a wanke masa allo sai ya biya. Kusan haka tsarin da ke yi wa irin su Abba amfani yake. Ana koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya bisa jeri, ana nuna wa yaro a fili yadda zai haɗa su su zama gaɓa, gaɓa ta zama kalma, ana waiwayar na baya kullum, kuma abin da za a ba shi ya karanta an gina shi da sautukan da ya riga ya koya. Za ki ji suna ambaton Orton-Gillingham, tsarin da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka aza harsashinsa a Amurka a shekarun 1930. Za ki ji Jolly Phonics na Ingila mai sautuka 42, wanda makarantu da yawa a Najeriya ke amfani da shi, ko da yake an tsara shi ne don aji gaba ɗaya, kuma saurinsa kan yi wa mai disleksiya yawa. Sai dai sunan tsari a jikin allon talla ba ya koyar da yaro, kowa na iya rubutawa.

Don haka ki ce a bar ki ki zauna a darasi ɗaya. Ki tambayi malamin inda ya samu horo, da wane sauti zai fara, da yadda zai auna ci gaban Abba a ƙarshen zango. Ki lura in yaro ya kakare a kalma: ana taimaka masa ya tsinka ta sauti-sauti, ko ana ce masa ya dubi hoto ya canka? In canke ake koya masa, ki ɗauki jakarki. Yara kada su wuce uku ko huɗu a zama, kuma rabin awa kwana huɗu ko biyar a mako ya fi awa uku ranar Asabar.

Malamin lesinku bai yi laifi ba, abin da ya sani yake yi. Amma yaro mai hadda irin ta Abba zai haddace shafin ne ya rera muku, ku ɗauka karatu ne. In malamin mai haƙuri ne kuma Abba ya sake da shi, kashe kuɗi a kan horar da shi zai fi miki araha. Manhajar waya kuma ta zama ta maimaici kawai.

Ga wata dabara da iyaye ke rainawa: ki gwada shi da karatun Hausa. A bokon Hausa harafi ba ya yawan sauya sauti, ba kamar Turanci ba, inda haruffa 26 ke ɗauke da sautuka kusan 44. Yaron da ya gane yadda gaɓar "ka" da gaɓar "za" suke zama "kaza" ya kama dabarar da zai shiga Turanci da ita.

Sai ki zauna da babansa ki faɗa masa abin yakan bi jini ne, kuma bulala ba ta koya wa kowa sauti. Ku je makarantar tare, ku roƙi a daina tayar da Abba ya yi karatu a gaban aji, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a kuma riƙa karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya.

Antinku